Scott Frost da cutar "ɗan gida ne"

Wallahi da na ji jami'ar UCF ta jihar Florida a Amurka ta sake ɗauko tsohon kocinta Scott Frost a Disambar 2024 ya zo ya horar da ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka, sai na ce to su waɗannan mutanen ba sa karanta jarida ne, ko sun karanta sun manta?

Ba wanda ke musun mutumin ya taka leda a zamaninsa. Shi ya ja ragamar ƙungiyar jami'ar Nebraska yana ɗan wasa a 1997 suka ci wasa 13 ba faɗuwa, suka lallasa Tennessee ɗin su Peyton Manning 42-17 a babban wasan ƙarshen kaka na Orange Bowl, aka raba kambun ƙasa tsakaninsu da Michigan. Wannan tarihin ne ya rufe wa Nebraska ido a ƙarshen 2017 suka dawo da shi gida a matsayin koci da kwantiragin shekara 7 kan dala miliyan 35, ana ta guɗa wai ɗanmu ya dawo. Me aka samu? Ya ci wasa 16, an ci shi 31, ko kaka ɗaya bai gama da nasarori sun fi asara yawa ba. Ku tuna fa wannan jami'ar ce ta kori kocinta Bo Pelini a 2014, mutumin da duk shekara sai ya kawo musu nasara 9 ko fiye, wai bai isa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai wasan Dublin ne a Agustan 2022. Suna gaban Northwestern 28-17, komai na tafiya daidai, kawai sai Frost ya sa a buga gajeriyar ƙwallo a bugun ci gaba da wasa bayan sun ci maki wai ko za su sake kama ta, Northwestern suka cafke, wasa ya juya, aka tashi 31-28. Da wani baƙo ne ya yi wannan ganganci da ko jirgin komawa gida ba za a bar shi ya hau ba. Shi kuwa sai da Georgia Southern ta zo har gidansu a Lincoln ta ci su 45-42 sannan aka sallame shi, kuma da dala miliyan 15 a aljihu, alhali da sun yi haƙurin sati uku zuwa 1 ga Oktoba rabin kuɗin za su biya. Wanda ya bar shi ya ƙara shekara bayan kakar 3-9 ta 2021 kuwa Trev Alberts ne, daraktan wasannin jami'ar a lokacin, shi ma tsohon ɗan wasan Nebraska, kura ce ta yi wa kura alƙalanci.

Masu kare shi za su ce ai shi ya kai UCF 13-0 a 2017 bayan ya tarar da su ba su ci ko wasa ɗaya ba a 2015, to sannunku, kaka ɗaya ta shekaru bakwai kafin su sake ɗauko shi ita ce takardar shaidar aiki? Mu masu kallon Firimiya mun sha wannan, Chelsea ta kira Lampard har sau biyu.

Ni dai a ganina duk jami'ar da za ta ɗauki koci a cire tsofaffin abokan wasansa daga kwamitin, a daina rubuta kuɗin sallamar da ke sa kora ta fi zama daɗi, hotonsa na 1997 kuma a bar shi a bango inda yake.