Kafin Ka Taɓa BIOS Ɗin Kwamfutarka

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa BIOS (manhajar farko da ke tada kwamfuta kafin Windows) kwata-kwata, domin akwai gyaran da ke da amfani na gaske. Yawancin allunan kwamfuta (motherboard, wato babban allon da ke cikinta) irin na Z77 da suka fito a 2012 ba sa iya tashi daga ma'ajiyar NVMe, wani nau'in faifan ajiya mai sauri, amma idan aka buɗe fayil ɗin BIOS da manhajar gyara irin UEFITool ko MMTool, aka saka masa ɗan ɓangaren da ke gane wannan ma'ajiya, sai su tashi lafiya lau. Haka kuma manhajar AMIBCP ke fito da saitin da kamfani ya ɓoye a cikin BIOS.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar aikin tamkar sauya Windows. Idan Windows ta lalace, sake zuba ta ake yi, amma BIOS yana zaune ne a cikin wata 'yar ƙwayar ajiya da ke manne a jikin allo, galibi mai megabait 8 ko 16, kuma shi ne ke tada allon kallo da madannai da ƙofofin USB tun kafin komai ya motsa. Manhajar filashin, wato mai zuba sabon BIOS a ƙwayar, tana fara goge tsohon ne kafin ta rubuta sabo, saboda haka idan aka ɗauke wuta a tsakani, wanda ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kwamfutar ba za ta sake nuna ko harafi ɗaya ba, balle a gyara ta daga ciki.

Ya fi haka muni a sauko da gyararren fayil ɗin wani daga intanet a zuba shi kai tsaye. Ƙwayar tana ɗauke da bayanan da suka keɓanta da na'urarka kaɗai: lambar siriyal, lambar MAC ta katin sadarwa, kuma tun zamanin Windows 8 har da mabuɗin lasisi a kwamfutocin da suka zo da Windows daga kamfani. Duk suna iya salwanta, sannan ba ka san abin da mai fayil ɗin ya cusa ba, alhali muguwar manhajar da ta shiga nan ba ta fita ko an goge faifai. A kwamfutocin hannu masu kariyar Boot Guard ta Intel, wadda ke tantance BIOS kafin na'ura ta tashi, kuwa, taɓa ɓangaren da aka kare ya isa ya hana na'urar tashi.

A ganina, bai kamata kowa ya fara ba sai ya kwafo abin da ke cikin ƙwayar da na'urar waje mai karanta ƙwaya da rubuta ta, irin CH341A, ya karanta sau biyu, ya tabbatar kwafin biyu sun yi daidai, ya adana su a wani wuri dabam. Ko nan ma akwai tarko, domin wasu ƙwayoyin bolt 1.8 suke ɗauka, ba 3.3 ba, kuma haɗa su ba tare da adafta ba yana iya ƙona su. Masu allunan da ke da DualBIOS na Gigabyte (ƙwayar BIOS ta biyu) ko USB BIOS Flashback na ASUS (sake zuba BIOS daga USB ko kwamfutar ba ta tashi) suna da 'yar madogara.

Mai gyara kuwa da zai gwada wannan a kan na'urar kwastoma, wajibi ne ya faɗa masa haɗarin tun farko, su kuma yi yarjejeniya a kan wanda zai biya kuɗin allo idan ya mutu.