Yadda Ɓerayen Aboabo Suka Ci Ganuwar Turawa

An ba autana aikin makaranta, wai ya haɗa wani abin tarihi da hannunsa. Yaro ya ce zai zana tuta. Na ce haba, ɗana guda ya kai tuta? Yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 za mu gina a kan falankin katako, da sojojinsa da komai. Tun daga nan aikinsa ya koma miƙo mini almakashi.

Sai da na je gidan tarihin sojoji na Kumasi, wato ainihin ganuwar Turawa da Tonawa, mutanen Asante, suka yi wa ƙawanya, na ƙare wa jan bangon kallo. Labarin kuwa sananne ne: a watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya tara sarakuna ya ce a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna, kujerar da ko Asantehene, sarkin Tonawa, ba ya hawa. Yaa Asantewaa, Sarauniyar Ejisu, ta ce in maza sun ji tsoro, mata za su fita. Aka tare hanyoyi da shingen gungume, aka rufe Bature a ciki.

Matsalar farko sojoji. Na zaga kasuwar Kejetia har ƙafata ta yi ciwo, abin da na samu buhun sojojin roba ne koraye, kowa da hular kwano, wani da bindigar harbo jirgi, mai kayan ya ƙara mini gyaran helikwafta. Na zauna da reza ina yi musu aski. Na cikin ganuwa na ɗora musu jar dara da murfin biro, na waje na ɗinka musu batakari da tsumma, na liƙa layu da ƙwayar shinkafa.

Ana cikin haka kawuna ya leƙo. Ya ce, "Kai, ka san su wa ka sa wa jar dara? Hausawa ne fa sojan Bature a lokacin." Na ce na sani, Kawu. Ya ce, "To layun da ke jikin rigunan Tonawa wa ya rubuta? Malamanmu ne." Ya yi shiru, sannan ya ce ashe kowane ɓangare ya ci, mun ci kuɗinmu. Ya ja kujera, ya shiga ba ni umarnin inda zan ajiye kowa, sai ka ce da shi aka yi.

Saura ganuwa. Gam ya yi tsada, ni kuma ba na son ɓarna. Na dama kullun rogo mai kauri, na kwaɓa da takarda, na shafe da manja don ya ba da jan nan. Shingen kuma da spageti na yi shi. Uwargida ta ce, "Malam, wannan gini ne ko abincin dare?" Ban kula ta ba. Na kai shi kicin ya bushe.

Tarihi ya nuna waɗanda aka rufe sun sha yunwa har ɓeraye suka ci, kafin Hodgson ya sulale a watan Yuni, hafsan Turawa Willcocks ya iso da agaji a Yuli. A gidana da ke unguwar Aboabo ta Kumasi, ɓerayen ne suka zo ramuwa. Da asuba na tarar babu bangon gabas, babu shinge, babu laya ko ɗaya. Gwamna yana kwance rigingine bayan tukunyar koko, an gaigaye masa kai. Helikwaftan nan da na jefar ne kaɗai ya tsira lafiya.

Maƙwabciyarmu Batoniya mai sayar da kenke ta ji salatina ta shigo. Ta dubi kangon, ta tafa hannu, ta ce da Nana Yaa Asantewaa ta samu waɗannan mayaƙa, da Turawa ba su kore ta zuwa tsibirin Seshel ba. Ta roƙe ni kada in sa musu tarko.