Ranar da na kai jinin tarwaɗa asibiti

Aikin kammala digirina a sashen kiwon kifi shi ne in ware fararen ƙwayoyin jinin tarwaɗa in ƙirga su. Da malamina ya faɗa, sai na ji abin kamar shan ruwa. Na sayo tarwaɗa shida a baho, na ɗora a adaidaita-sahu, suna ta fantsala wa fasinjoji ruwa har bakin makaranta.

Baba mai kula da ɗakin gwaji ya ce in ɗiga man kanumfari a ruwan don kifin ya yi barci. Ni da tausayi, na ɗiga ɗan kaɗan. To, kifi ba shi da fatar ido, ta yaya mutum zai gane ya yi barci? Na ga ya yi lamo, na naɗe shi a jiƙaƙƙen tawul, na soka allura kusa da wutsiya, inda jijiyar ke bin ƙarƙashin ƙashin baya. Ashe likimo ya yi. Ya yi wani irin bankaɗowa, ƙayar gefensa ta nutse a babban yatsana. Jinin farko da aka gani a ɗakin nan nawa ne.

Baba ya leƙo ya ce, "To ɗana, ko naka za mu fara ƙirgawa?"

A kifi na biyu na manta ban jiƙa sirinjin da hefarin, maganin hana jini daskarewa, ba, jinin ya daskare kafin in ce kwabo. Na uku ne Allah ya taimake ni. Na tsarma jinin, na zuba shi a hankali a kan Histopaque, ruwan da ake raba ƙwayoyin jini da shi, hannuna na rawa don kada su gauraya. Ƙa'idar ita ce na'ura ta juya kwalbar minti 30, jajayen ƙwayoyin su nutse ƙasa, fararen su taru a tsakiya kamar siririn zoben hazo. Muna minti na 12 aka ɗauke wuta. Na ciro kwalbar, na ɗaga ta a hasken taga, ban ga zobe ba, sai na ɗan girgiza ta ko zai fito. Baba bai ce komai ba, ya dai cire hularsa ya mayar.

Ya ce abin da ya rage in zauna in ƙirga da ido a gilashin Neubauer, wanda ake ƙirga ƙwayoyin jini a kansa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ni kuma na ga ai akwai hanya mai sauƙi. Na kai ragowar jinin wajen wani abokina da ke aiki a ɗakin gwajin wani asibiti, na ce ya sa mini a na'urarsu. Ban gaya masa na waye ba.

Bayan magariba ya kira ni, murya na rawa.

"Mutumina, mai jinin nan yana da rai kuwa? Fararen ƙwayoyin mutum lafiyayye ba sa wuce dubu 11, wannan kuwa na'ura ta kasa ma rubuta adadin. Ku kawo shi yanzu, ina jin ɓargonsa ne ya lalace."

Na ce, "Ai ba a ɓargo yake haɗa jini ba, a ƙoda ne."

Ya yi shiru. Sai daga baya Baba ya warware mini: jajayen ƙwayoyin ɗan Adam ba su da cibiya, wato ɗan curin da ke tsakiyar ƙwaya, na kifi suna da ita, na'urar kuwa duk mai cibiya fari take ɗaukarsa. Miliyoyin jajaye ta ƙirga.

Amma a daren abokina ya nace sai na faɗa masa inda marar lafiyar yake kwance. Na leƙa tsakar gida inda na ajiye bahon, tunda an rufe ɗakin gwaji sai Litinin. Baho wayam, an ma kife shi. Daga madafa Umma ta ɗaga murya: "Zo ka ɗauki farfesunka tun da zafi. Kai, kifin nan har ƙamshin kanumfari yake!"