Tiyatar ƙwannafi: da me ake auna "nasarar" da ake tallatawa?

Tallan nan na dillalan kai marasa lafiya Indiya da Masar, wai a yi maka tiyata ka rabu da ƙwannafi har abada, ya fara wuce gona da iri. Aikin dai ba sabo ba ne. Tun 1955 likitan tiyata Rudolf Nissen ya fara naɗe saman tumbi a ƙarshen bututun da ke kai abinci tumbi don asid ya daina tasowa, a 1991 kuma aka fara yin sa ta 'yan ƙananan huje a Beljiyam. Yana da amfani, ba musu. Abin da ke ba ni haushi shi ne hujjarsu: bidiyon mara lafiya yana murmushi mako biyu bayan aiki, ana ta "Alhamdu lillahi".

Ina ruwan asid da murmushi? Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2001 ya bi tsofaffin sojojin Amurka kimanin shekara 10 bayan tiyata, ya tarar kashi 62 cikin ɗari suna shan maganin ƙwannafi a kai a kai. A binciken LOTUS na Turai, bayan shekara 5, kashi 85 na waɗanda aka yi wa aiki ne ciwon ya lafa musu, masu shan maganin rage asid na esomeprazole kuwa kashi 92. Ga wahalar haɗiya bayan tiyata, ga kumburin ciki, wani ko gyatsa ta gagare shi. Waɗannan ba sa shiga bidiyo.

Masu cewa ai mai ciwo shi ya san jikinsa, surutu ne kawai. A wani gwaji na 2019 a Amurka, cikin mutum 366 da aka turo wai magani ya gaza musu, 78 kaɗai suka cancanci shiga. Wasu ba sa shan maganin yadda ya kamata, wasu ciwon nasu ma daban ne. A cikin 'yan ƙalilan ɗin kuwa tiyata ta fi magani nesa ba kusa ba.

To balle mu, da duk zafin ƙirji "olsa" ne, har na zuciya. Mutum ya sayar da gona, a buɗe shi, ba a taɓa zura masa siririn tiyon nan ta hanci na awa 24 an auna asid ba! Wannan ciniki ne, ba magani ba.

Ma'aikatar lafiya ta sa ido kan irin wannan talla. Kai kuma kafin ka biya kuɗin jirgi, ka ce a nuna maka awon asid ɗinka, da halin da waɗanda suka yi wa aiki shekara 5 baya suke ciki.