Adireshin IP ba ya mai da suwic rauta

Da yawa cikin masu haɗa kwamfutoci a ofisoshin Kaduna sun ɗauka da zarar an sa wa suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da waya) adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita, zai riƙa sada VLAN da VLAN kamar rauta. VLAN rukunin kwamfutoci ne da aka ware a cikin suwic, rauta kuma na'ura ce mai sada rukuni da rukuni. Ba haka ba ne. A suwic ɗan mataki na 2, wato mai sada kwamfutocin VLAN ɗaya kawai, adireshin na shiga saiti ne kawai.

Aikin sada VLAN da VLAN na suwic ɗan mataki na 3 ne, wato mai iya aikin rauta. Ko shi ma, a yawancin suwic samfurin Cisco Catalyst a kashe wannan aikin yake zuwa, sai ka rubuta umarnin ip routing. Sannan kowace VLAN ta samu adireshinta, misali 192.168.10.1 ga VLAN 10, shi ne ƙofar fitar kwamfutocinta. In babu kafar sa waya ko ɗaya mai aiki a VLAN ɗin, adireshin ba zai amsa ba.

Ka adana saitin da umarnin write memory, don ɗauke wuta ɗaya kan shafe saitin.