Rabin om ai kamar babu

Ni dai ƙaramin ƙwan LED ja nake son kunnawa da batir mai bolt 12, shi ke nan. Ƙanena ya zo ya tsugunna gefena, sai na ce bari in nuna masa yayan nasa ya yi boko.

Na buɗe masa darasi: bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfiya yawan wutar da ke gudu a waya, om kuwa turjiyar da ke rage mata gudu. Raba bolt da amfiya, ka sami om. Har da gaya masa wani Bajamushe ne, Georg Ohm, ya fitar da ƙa'idar a 1827, kamar tare muka zauna muka yi.

Ƙwan yana cin kusan bolt 2, saura 10 da rizista, wato ɗan abin da ake sawa ya rage wa wuta gudu, zai shanye. A jikin ledar ƙwan an rubuta 20 mA. Na raba 10 da 20, na sami rabin om.

"Rabin om ai kamar babu," na ce, na haɗa waya kai tsaye.

Ƙwan ya yi wani haske sau ɗaya, ya ce ɗas, ya tafi inda ba a dawowa.

"Yaya, wannan ƙaramin m ɗin fa?"

Ashe miliamfiya ce, kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Da 0.02 ya kamata in raba, amsar om 500. Kuskuren ninki dubu kacal.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ɗora wa batir laifi, na ce sai na gwada shi. Na ɗauko rizista mai om 10, ɗan mitsitsi, na yi lissafi a tsanake: 12 a raba da 10, amfiya 1.2. Wannan karon babu m, babu kuskure. Na riƙe shi da yatsu biyu na danna a kan batir.

Wallahi ban san ina da irin wannan muryar ba. Na wurgar da shi ina yarfa hannu, fentin jikinsa ya yi baƙi, ɗaki ya gauraye da ƙauri. A babban yatsana ga wani ɗan layi fari, daidai tsawon rizistan.

Lissafina daidai ne, rabinsa kawai na yi. Akwai wat, wato bolt sau amfiya, kuma a rizista duk zafi yake zama. 12 sau 1.2 ya ba da wat 14.4. Shi kuwa bawan Allah rubu'in wat aka yi shi ya ɗauka. Na ɗora masa kaya ninki hamsin da bakwai da ɗoriya, na kuma riƙe shi don kada ya gudu.

Ina tsoma yatsa a ruwan sanyi, ƙanena ya ja takardar. Ya zaɓi mai om 470, ya sami kusan miliamfiya 21, ya ninka da bolt 10, wat 0.21, ƙasa da rubu'i. Sabon ƙwan ya kama, ja zur, ba hayaƙi.

Ya ɗago rizistan yana danne dariya. "Yaya, ko za ka taɓa ka ji mana? Ai akwai sauran yatsu."