Ayar WhatsApp ba ta maye gurbin karatun Littafi Mai Tsarki

Ƴan'uwa, akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin masu bi a nan Tawa, musamman waɗanda ba su daɗe da yin baftisma ba, wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Da gari ya waye, sai mutum ya buɗe wayarsa ya tarar an turo masa aya guda a WhatsApp, an ƙawata ta da hoton furanni, ya karanta, ya rubuta "Amin", ya tura wa wasu, shi ke nan a ganinsa ya yi karatun ranar. Turo ayar ba laifi ba ne, amma wanda ya lashi miya a bakin ludayi bai ci tuwo ba, kuma sabon mai bi da ya dogara ga wannan kaɗai zai shekara bai san abin da littafi guda ya ƙunsa daga farko zuwa ƙarshe ba.

Mu ɗauki Irmiya 29:11, wadda kusan kowa ya taɓa samu a wayarsa, inda Ubangiji yake cewa ya san shirin alherin da yake da shi domin jama'arsa. Wanda ya karanta ta ita kaɗai zai ɗauka alkawari ne na samun aiki ko aure kafin wata ya ƙare. Amma wanda ya soma daga farkon surar zai ga cewa wasiƙa ce annabi Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da sarki Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta gaya musu ƙarara cewa sai an cika shekara 70 kafin a komo da su gida. Kafin nan, an umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da ƴaƴansu, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su kuma yi masa addu'a. Ga mai bi da ke zaune shi kaɗai a cikin dangi da unguwar da ba addininsu ɗaya ba, wannan saƙon ya fi wanda ke jikin hoton furanni nauyi da amfani nesa ba kusa ba. Lambobin da muke tsinko ayoyi da su ma daga baya suka zo: Stephen Langton, babban bishop a Ingila, shi ya raba surori a ƙarni na 13, Robert Estienne kuma ya sa lambobin ayoyin Sabon Alkawari a 1551. Marubutan kansu wasiƙu da labarai suka rubuta, domin a karanta su a jere.

Akwai kuma masu zafin nama, waɗanda daga ranar da aka ba su Littafi Mai Tsarki suke ƙudurta sauke shi cikin shekara guda. Littattafai 66 ne, surori 1,189, wato fiye da sura uku kowace rana ba fashi. Littafin Farawa yakan tafi da daɗi saboda labarai, amma da an kai Littafin Fitowa sura 25 aka shiga awon alfarwar sujada ta Isra'ilawa, daga nan aka faɗa dokokin hadayu a Littafin Firistoci, sai gwiwa ta yi sanyi, littafin ya koma cikin akwati.

Abin da nake ba sabon mai bi shawara shi ne ya soma da Bisharar Markus, wadda ta fi sauran gajarta, sura 16 kawai, labarin kuma yana tafiya da sauri. Ya karanta sura guda a rana, in ta yi masa tsawo ya raba ta biyu. Sabon Alkawari duka sura 260 ne, saboda haka wanda ya riƙe sura guda kwana biyar a mako zai kammala shi cikin mako 52 daidai, kwana biyun da suka rage kuma su zama na rama abin da ya wuce shi.

Batun lokaci kuwa, maƙwabtanmu Musulmi sun riga sun nuna mana hanya, domin sun raba Alƙur'ani izu 60, kuma mai tilawa ya san inda ya tsaya jiya da lokacin da zai zauna yau. Mai bi ma ya tsayar da lokacinsa. A ganina asuba ta fi, tun da a watannin Afrilu da Mayu rana ba ta barin kowa ya tattara hankalinsa, da dare kuma ga gajiya ga ɗaukewar wuta. Wanda yake gidan da ba zai iya buɗe littafin a fili ba, yana iya sauke shi a wayarsa ya karanta ba tare da intanet ba, amma ya kashe data tukuna, in ba haka ba saƙonni za su cinye lokacin.

Da yawa daga cikinmu da suka yi lakwal sun fi sabawa da fassarar Faransanci ta Louis Segond ta 1910, suna kuma tuntuɓe in an ba su Hausar boko. Duk da haka, wanda Hausa ce harshen da yake addu'a da shi, gara ya daure ya karanta da ita, da murya, harshensa zai sake cikin ɗan lokaci. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, bayan aikin da Dakta Walter Miller ya jagoranta a ƙasar Zazzau, wato shekara 18 kafin a buɗe asibitin mishan na Galmi a jiharmu a 1950. Iyayenmu mata da ba su yi boko ba su ma ba a bar su a baya ba, domin Wahayin Yahaya 1:3 ta sa albarka ga mai karantawa da masu saurara, kuma jika ɗan makaranta ya isa ya karanta wa kakarsa sura guda bayan tuwon dare.

Sai dai wani nauyin yana kan fastoci da dattawan ikilisiya. A Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus ya tarar da wani Bahabashe yana karanta annabi Ishaya a cikin karusarsa, ya tambaye shi ko yana fahimta, shi kuwa ya amsa cewa ba zai iya ba sai wani ya yi masa jagora. Bai kamata a miƙa wa sabon mai bi littafi ranar baftisma a juya baya ba. A haɗa shi da wani ɗan'uwa ko wata ƴar'uwa da ta riga shi, ya riƙa rubuta abin da ya shige masa duhu a ƙaramin littafi, su zauna a kai bayan sujadar Lahadi. In sun gama Markus, su wuce zuwa Luka da Ayyukan Manzanni, tun da mutum ɗaya ne ya rubuta su biyun, labarin kuma yana ci gaba daga inda na farko ya tsaya.